Kana neman mace ta karɓi haihuwar matarka, amma ka hana 'yarka zama nas

1/
Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina, mai zagi ya tanadi data. Zare ne a kan yadda muke cin moriyar mace ma'aikaciya a Karaye da Rogo, sannan mu juya baya mu kira ta 'yar iska. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, a nan aka yanke min cibiya, ba daga Abuja nake rubutu ba. 🧵

2/
Wani dare ina duti a wani ƙaramin asibiti a yankinmu. Wajen ƙarfe 2 sai ga a-kori-kura ta tsaya, an kwantar da mace a baya tana naƙuda, jini ya jiƙa zaninta. Abokin aikina namiji ne ya fara fitowa. Mijin ya tare shi: "Wallahi ƙato ba zai taɓa min iyali ba. Ina mace? A kira mace!"

3/
Na fito. Babu wuta, da fitilar waya muka yi ta fama har aka kira assalatu. Allah Ya sauke ta lafiya. Mijin har da ƙwalla: "Sista, Allah Ya biya ki da gidan Aljanna." Na ce amin, Alhaji. Shi bai gane ni ba saboda takunkumin fuska. Ni kuwa tun daga muryarsa na gane shi.

4/
Shi ne ya zo har zauren gidanmu shekarun baya, da ya ji na samu gurbi a makarantar koyon aikin lafiya. Ina bayan ƙyaure ina ji ya ce wa Babanmu: "Malam, 'ya mace za ka saki ta riƙa kwana a waje? Ai nas ba matar aure ba ce. Wa zai kwashe ta?"

5/
Da Babanmu ya ɗauki shawararsa, wa zai fito a daren nan? A kan wannan tambayar duk zaren nan yake. Kowa na son mace ta duba matarsa, mace ta koyar da 'yarsa, mace ta yi wa mahaifiyarsa allura. Amma kowa so yake macen nan ta fito daga gidan wani.

6/
To daga sama za ta faɗo? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ungozomar da kake kururuwar nema ƙarfe 2 na dare, sai an bar ta ta gama firamare, ta gama sakandare, ta yi shekaru a makarantar lafiya, sannan ta samu mijin da zai bar ta ta fita duti. A kowane mataki akwai wanda ya tsaya ya tare hanya.

7/
Kuma da rai ake biyan abin nan. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cikin duk matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa a duniya, sama da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Najeriya ne. Ƙasa ɗaya tak. Kowa kuma ya san ɓangaren ƙasar da abin ya fi ƙamari.

8/
A ƙauyukanmu, mace nawa ce ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki don maigida ya ji cewa namiji ne a asibiti? Ku tambayi iyayenku mata a Zarewa, a Fulatan, a Yammedi, a Turawa, za su lissafo muku da suna. Sai mu ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne. Amma sakaci ma za a tambaye mu a kansa.

9/
Har sai da aka kawo shirin Women for Health da tallafin Birtaniya a 2012, a jihohin Arewa biyar har da Kano, don a taimaki 'yan matan karkara su shiga makarantun jinya da ungozoma, su koma garuruwansu su yi aiki. Wato sai an lallaɓe mu kafin mu ceci matanmu. Wallahi abin kunya ne.

10/
Yanzu mu zo ga wadda ta tsallake duk wannan ta samu aikin. Kuna zaton ta huta? Ga abin da ke jiranta, ɗaya bayan ɗaya.

11/
Na farko, mutuncinta. Namiji ya sayi babur da albashinsa: "yaro mai zuciyar nema." Mace ta sayi waya da nata: "wa ya saya mata?" Ya samu ƙarin girma: ƙwazo ne. Ta samu: "ai ka san yadda ake yi." Ya dawo ƙarfe 10 na dare: aiki ya yi yawa. Ta dawo bayan magariba: unguwa ta samu hirar mako guda.

12/
Su waye kuma alƙalan? 'Yan majalisar bakin titi, tun hantsi suna kan benci, shayi ɗaya mutum uku. Malama ta wuce da jakarta za ta makaranta, a bi ta da ido, a yanke mata hukunci kafin ta sha kwana. Ƙazafi fa ba ƙaramin zunubi ba ne, malamai. Haddi gare shi.

13/
Na biyu, ranar ɗaukar aiki. Tambayoyin da ba a yi wa namiji: "Kina da aure? Maigidan ya yarda? Ba dai ciki gare ki ba?" In budurwa ce, a ce za ta yi aure ta gudu. In matar aure ce, a ce haihuwa za ta yi ta yi. In bazawara ce, a fara yi mata wani irin murmushi. To wace ce daidai ke nan?

14/
Sai batun takardar shaidar ƙaramar hukuma. 'Yar Rogo ta yi aure a Karaye, gurbin aiki ya fito. A Karaye a ce "ke 'yar Rogo ce." Ta koma Rogo a ce "ai kin zama ta Karaye." Masarauta ɗaya, mazaɓar tarayya ɗaya, amma ita ba ta da gari. Yayanta namiji bai taɓa sanin wannan ciwon ba.

15/
In aure ya kai ta wata jiha, abin ya fi muni. Rogo tana iyaka da Kaduna da Katsina, auren ƙetare iyaka a wurinmu ruwan dare ne. A Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudurori 5 da suka shafi mata, har da wanda zai ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara 5 da aure. Duka biyar ɗin aka kayar.

16/
Na uku, kuɗi. A takardar gwamnati albashin mace da na namiji ɗaya ne in matakinsu ɗaya, wannan kam gaskiya ne. Amma ku leƙa ƙananan asibitocinmu ku ƙirga 'yan sa-kai da 'yan wucin gadi, masu shekara da shekaru suna share jini suna jiran a ɗauke su. Ku dawo ku faɗa min su waye.

17/
Mafi ƙarancin albashi a Kano ₦71,000 ne tun 2024. Na san malama mai NCE a wata makarantar kuɗi, abin da ake ba ta a wata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Da ta nemi ƙari, mai makarantar ya ce: "Ke da ake ciyar da ke?" Mijinta ya rasu. 'Ya'ya huɗu ne a gabanta.

18/
Ku fita gona ma. Karaye da Rogo ƙasar noma ce, ga madatsar ruwa ta Challawa, ana damina ana rani. Wa ke tsinkar barkono da tumatir? Wa ke ɓarar masara da gyaɗa, wa ke sussuka da shiƙa? Ranar biya kuwa, namiji a yi ciniki da shi, mace a auna mata a kwano a ce "ai taimako ne."

19/
Shi ya sa in an ce "mu matanmu ba sa aiki" nake dariya. Mai ƙuli-ƙuli, mai daddawa, mai awara, mai ɗinki, mai kitso, mai kiwon awaki, tun asuba suke tsaye. Wannan bai taɓa damun kowa ba. Aikin da ke tayar mana da jijiyar wuya shi ne mai albashi, mai kujera, mai sa hannu a takarda.

20/
Albashi ya shigo kuma, sai maigida ya miƙo hannu: "Kawo katin." Wasu ma sharaɗin barinta ta yi aikin ke nan. Malam, ciyarwa a wuyanka take, dukiyarta kuma tata ce, ko ɗan aji ɗaya a islamiyya ya san wannan. In ta taimaka, alheri ta yi. In ka karɓe da ƙarfi, sunansa ƙwace.

21/
Na huɗu, aiki biyu albashi ɗaya. Ta sauka daga duti ƙarfe 8 na safe ba ta runtsa ba. Tukunya na jiranta, wanki na jiranta, yaro na zazzaɓi. Shi in ya dawo daga nasa aikin tabarma ake shimfiɗa masa. Ranar da ta makara minti 20 kuma a ce: "Ka ga matsalar ɗaukar mata."

22/
Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai ciki hutun mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 tana aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Maƙwabciyarmu Kaduna ta kai hutun ma'aikatanta mata wata 6. A wurare masu zaman kansu da yawa a nan kuwa, ciki ya fito, aiki ya tafi.

23/
Na biyar, shugabanci. Asibiti cike da mata, incaj namiji. A taron ma'aikata ita ce mai rubutu, ita ce mai raba lemo. Ta kawo shawara a yi shiru, bayan minti biyar wani ya maimaita ta a ce ma sha Allah. Ta tsaya kan doka: "jarababbiya." Ya tsaya kan doka: "namijin duniya."

24/
A sama ma haka abin yake. Majalisar dokokin Kano kujera 40 ce, a zaɓen 2023 ko mace ɗaya ba ta shiga ba. Majalisar Dattawa kujera 109, mata 4. A zauren da ake yanke kuɗin ɗakin haihuwa a jiharmu, babu mutum ɗaya da ya taɓa jin ciwon naƙuda. Sannan mu yi mamakin babu safar hannu.

25/
Alhali in an ba su, suna riƙewa. Mai Shari'a Dije Abdu Aboki ta zama Babbar Jojin Kano a 2023, mace ta farko. Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse. Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamnan Kaduna a 2019. Har yau ba mu ji an ce gari ya watse ba.

26/
Na shida, wanda ba a son a faɗa. Oga ya ce ki kawo masa fayil ɗin masauki da yamma. Ki ƙi, a jefa ki ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ki faɗa a gida, a ce "dama mun ce ki bar aikin nan." Ki kai ƙara, sunanki ne zai zaga gari. Shi ya sa mata ke haɗiyewa. Ɓarawon na kan kujerarsa, wadda aka yi wa satar ake kora.

27/
Na san amsoshin da ke tahowa, bari in tare su a hanya.

"Aƙidar Turawa ce." To, Nana Khadija 'yar kasuwa ce da dukiyarta, har Manzon Allah (SAW) ya yi mata fatauci zuwa Sham kafin aurensu. Rufaida tanti gare ta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. Wane Bature ne ya koya musu?

28/
Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta naɗa mata malamai da ake kira jaji, suna taka ƙafa tsakanin ƙauyuka suna karantar da mata. Aikin fita ne wannan, a tsakiyar Daular Usmaniyya. Ko Hisbah ta Kano tana da dakaru mata, don ta san akwai ƙofar da namiji ba ya shiga.

29/
A nan gida ma muna da shaida. Akwai wata tsohuwa, Baba ta Karo, da ta tashi kusa da Zarewa a ƙarshen ƙarni na 19. Wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihinta daga bakinta, aka buga a 1954. Matan da ta ba da labarinsu suna kaɗi, suna sana'a, suna riƙe kuɗinsu. Kakanninmu ke nan.

30/
"Maza ma ba su da aiki." Gaskiya ne, kuma yana min ciwo, ina da ƙanne maza masu digiri a gida. Amma kai ne fa ka ce namiji ba zai karɓi haihuwa ba. To aikin wa na ƙwace? Mai sayar da gurbin aiki da mai cusa ɗansa ta bayan fage, su ne abokan faɗanka. Ni da kai layi ɗaya muka bi.

31/
"Tarbiyyar yara za ta lalace." Yaran da uwarsu ke iya duba littafinsu, ta saya musu magani ba ta jira kowa ba? Ku dubi wa ke ɗora wa 'yar shekara 9 farantin talla ta yini a tasha. Uwa ce da babu ta kai maƙura. In da gaske tarbiyya ce damuwarmu, a nan ya kamata hankalinmu ya tashi.

32/
"Akwai cakuɗuwa, akwai fitina." Akwai, ban musa ba. Maganinta a gyara wurin aikin: ɗakin kwana mai sakata, banɗakin mata, mai gadi, fitila, da hukunci ga ogan da ya wuce gona da iri. Don ɓera ya shiga rumbu ba a cinna wa rumbun wuta.

33/
"Nas-nas ba su da mutunci, tsawa suke yi wa masu naƙuda." Wasunmu suna yi, kuma laifi ne, na sha yin faɗa da abokan aikina a kai. Amma direba ɗaya ya yi ganganci, ba mu taɓa jin an ce maza su daina tuƙi ba. Mace ɗaya ta yi laifi, duk mata ne ke biya.

34/
'Yan uwana mata, mu ma da namu. Sau da yawa mai cewa "idonta ya buɗe da yawa" mace ce. Uwar miji, dangin miji, maƙwabciya, har shugabar da ta sha wuya kafin ta hau, ta ce sai kowa ta sha irin tata. Ranar naƙudarki, wannan da kika yi da ita ce za ta riƙe miki hannu.

35/
Abin da ya fi ƙona min rai: sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Kano a Kusalla yake, cikin Karaye. Kowane zango 'yan mata ke zuwa daga ko'ina a Najeriya da digirinsu, likitoci, lauyoyi, injiniyoyi. 'Yan matanmu sa'o'insu suna bakin hanya da bokitin awara. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce fa. Waɗancan an bar su ne, namu an tare.

36/
Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka don ta ce matan Arewa su yi zaɓe, abin da bai samu ba sai 1976. A zamaninta babu sunan banzan da ba a kira ta da shi ba. Yau akwai babban asibiti da sunanta a Zariya. Halinmu ke nan: mu zagi mace tana raye, mu rubuta sunanta a allo bayan ta mutu.

37/
To me nake nema? Ba abu mai wuya ba ne.

Masarautar Karaye, wadda tun 2024 Karaye da Rogo ne a ƙarƙashinta: hakimai da dagatai su sa ido kowace mazaɓa ta fitar da 'yan matan da za su karanci jinya, ungozoma da koyarwa, a kuma tsaya musu har su gama.

38/
Shugabannin ƙananan hukumomin biyu: a ɗauki 'yan sa-kan da suka daɗe, a yi wa ma'aikatan ƙauye wurin kwana mai tsaro, a daina yi wa matar aure wasan "ke ba 'yar nan ba ce." Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi. Ba alfarma muke roƙo ba.

39/
Malamanmu, Allah Ya gafarta muku: huɗubar da ake yi wa mata a kan fita mun haddace ta. Muna jiran ta ƙazafi, da ta cin albashin mata, da ta hukuncin garin da ya rasa mace ɗaya mai karɓar haihuwa. A bakinku muka koyi farilla ta kifaya.

40/
Samarin da ke karanta wannan: nan da shekara 10 ku ne mazan aure, ku ne ogogi, ku ne iyaye. In an fara yanka wata malama a majalisa, ka ce "ku bari." Ƙanwarka ta ce za ta ci gaba da karatu, ka tsaya mata a wurin Baba. Wannan ya fi min sharhi dubu a intanet.

41/
Alhajin nan kuwa, ranar suna ya aiko min da goro da nama. Na karɓa, na yi godiya. Jaririyar mace ce. Na ji yayarta tuni an cire ta daga aji 3 na sakandare. Ita wannan ƙaramar dai addu'a nake mata: Allah Ya sa ubanta ya tuna daren da aka haife ta.

42/
Na gama. Mai hujja bismillah, ina nan a ƙasa zan amsa. Mai zagi kuma ya yi sauri, ƙarfe 8 zan karɓi duti.